Yadda Ake Kafa Sandar Labule a Bango Ta Zauna Daram

Yawancin sandunan labule da ke faɗowa, ba ƙarfen ne ke karyewa ba. Ramin da aka huda a bango ne ke sakin sukuru. Yau ka ga mariƙin ya ɗan sunkuya, bayan mako biyu ka ga garin filasta a ƙasan taga, wata rana a ja labule da ɗan ƙarfi komai ya zubo. Matsala ta biyu ita ce ta awo: a gama aiki tsaf, sannan a ga labulen yana share ƙasa, ko ya ɗage kamar wandon da ya yi wa mai shi kaɗan. Duka biyun tun kafin a kunna dril ake maganinsu. Labule ne zai gaya maka inda sanda za ta zauna, bango kuma shi zai gaya maka da me za ka riƙe ta.

Labule da sanda tukuna

Kada ka huda ko rami ɗaya sai labulen yana hannunka, ko aƙalla ka san tsawonsa da yadda aka ɗinka kansa. Iri uku aka fi gani. Akwai mai ido, wanda aka huda samansa aka dasa zobban ƙarfe, sanda ta ratsa ta cikinsu. Akwai mai ƙugiya, wanda ake maƙala shi a jikin zobba, zobban su riƙa zamewa a kan sanda. Sai mai aljihu, wanda aka naɗe samansa aka ɗinke ana zura sanda a ciki. Mai ido da mai aljihu hawa kan sanda suke yi, har wani ɓangare na yadin ya haura samanta. Mai ƙugiya kuwa daga ƙarƙashin sanda yake farawa. Saboda haka labule biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya mai ido ɗaya mai ƙugiya, tsayin sandunansu zai iya bambanta da kusan santimita 7.

Kaurin sanda da milimita ake faɗarsa: 16, 19, 25 ko 28, sai 35 ga manya. Mai 16 da mai 19 na labule mara nauyi ne da ƙaramar taga. Labule mai kauri, ko mai shafi biyu da ke tare haske, ba ya son ƙasa da 25. Idan mai ido ne, auna faɗin cikin zoben. Yawanci milimita 40 ne, kuma sanda mai 28 ce iyakar abin da zai zame a ciki ba tare da cijewa ba. In kana son sanin nauyin labulen, hau sikeli da shi a hannu, ka sake hawa babu shi, ka cire.

Sandar da ake ja ta ƙara tsawo, wadda siririya ke shiga cikin mai kauri, tana da sauƙin saye domin ba ta buƙatar yanka. Amma tana da aibi biyu. Idan aka ja ta har kusan ƙarshe, mahaɗar takan lotsa, kuma zobba kan yi tuntuɓe a bakin mahaɗar duk lokacin da aka ja labule. In ita ka saya, ka bar aƙalla santimita 15 zuwa 20 na siririyar a cikin mai kaurin, ka kuma shirya yadda mahaɗar za ta faɗo a kan mariƙin tsakiya. Ga tagar da ake buɗe labulenta safe da yamma, sanda guda da aka yanka daidai awo ta fi.

Mariƙan da ake ɗaurawa a bango, waɗanda masu sayarwa ke kira braket, su ma ka dube su da kyau. Wanda yake da ramin sukuru biyu ko uku ya fi mai ɗaya nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, nauyin labule ba a jikin bango yake rataye ba, a can bakin hannun mariƙin yake, wajen santimita 10 daga bango. Wannan hannu yana danna gindin mariƙin cikin bango, yana kuma fizgo sukurun sama waje. Idan labule mai kilo 5 na rataye santimita 10 daga bango, kuma tazarar sukurun sama da gindin mariƙin santimita 4 ce, to abin da ke jan sukurun nan waje ya haura kilo 12, tun ba a taɓa labulen ba. Shi ya sa ramin sama ne ke fara saki, shi ya sa kuma mariƙi mai doguwar fuska ya fi mai ƙaramin gindi riƙo.

Awon faɗi

Auna faɗin taga daga gefen firam zuwa gefen firam, ka ƙara santimita 15 zuwa 25 a kowane ɓangare. Wannan ƙarin shi ne wurin da labule zai tattaru idan an buɗe shi, don kada ya tare haske, kuma shi ke hana haske zurarowa ta gefe idan an rufe. Yadi mai kauri ya fi cin wuri, saboda haka ba shi 25.

Misali, taga mai faɗin santimita 120, an ƙara 20 dama da 20 hagu, sanda ta zama 160, ban da kawunan kwalliyar da ake sawa a ƙarshenta. Mariƙan gefe za su zauna kamar santimita 5 daga ƙarshen sanda, wato santimita 15 daga gefen taga. Ratar nan ta santimita 5 tana da aiki, za a zo kanta wajen rataya. Faɗin yadin labulen kuma ya zama ninki biyu na tsawon sanda, wato 320 a wannan misali, fale biyu masu 160 kowanne. Ninki ɗaya da rabi shi ne mafi ƙaranci. Ƙasa da haka labulen zai miƙe sumul babu lanƙwasa, tsakiya kuma ba za ta haɗu da kyau ba.

Idan tagar na kusa da kusurwar ɗaki, auna kan kwalliyar tukuna. Wani ya kai santimita 8 ko 10, sai an gama hudawa a tarar babu inda zai shiga. A irin wannan wuri ana sa ɗan murfi mai lebur a maimakonsa.

Awon tsayi

Abin da aka saba shi ne sanda ta zauna santimita 10 zuwa 15 sama da firam ɗin taga. Idan aka ɗaga ta fiye da haka, zuwa rabin tazarar taga da silin ko ma kusa da silin, ɗakin kan yi kamar ya fi tsayi, kuma haske ba ya leƙowa ta sama. Sai dai wannan zaɓi na wanda bai ɗinka labule ba tukuna ne. Wanda ya riga ya saya, tsawon labulen ne zai yanke hukunci.

Ga mai ido, shimfiɗa labulen, ka auna daga saman cikin zoben, wato daidai inda zoben zai kwanta a kan sanda, zuwa lafin ƙasa. A ce ka samu 226. Ƙara santimita 1 don kada ya taɓa ƙasa. Saman sanda zai kasance 227 daga daɓe. Ga mai ƙugiya, sa zobe ɗaya a sanda, ka auna daga saman sanda zuwa ɗan idon da ake maƙala ƙugiya, ka ƙara tsawon labule daga ƙugiya zuwa ƙasa, ka ƙara santimita 1. Idan yadin auduga ne ko lilin da ba a taɓa wankewa ba, ka tuna yana iya tsukewa bayan wankin farko.

Daɓe ba kasafai yake kwance lebur ba. Auna a wuri uku, hagu da tsakiya da dama, daga layin da ka ja da lebur (wato ma'aunin magina mai kumfa a cikin ruwa, da ke nuna ko abu ya karkace) zuwa ƙasa, ka yi lissafi da inda daɓen ya fi tudu. Gara labule ya ɗage da santimita 2 a gefe ɗaya da ya riƙa jan ƙura a ɗayan.

Wani lokaci lebur zai ce abu ɗaya, ido ya ce wani, domin silin ko saman tagar ya karkace. Ido da abin da ke kusa yake gwadawa. Idan sanda tana dab da silin, ka bi silin ta hanyar auna tazara ɗaya daga gare shi a gefe biyu, muddin karkatar ba ta wuce rabin santimita ba. In ta wuce, ko sandar tana nesa da silin, bi lebur, domin sandar da ta karkata sosai labulenta zai riƙa gangarawa gefe ɗaya da kansa.

Kafin ka tabbatar da alama, buɗe tagar gaba ɗaya. Taga mai buɗewa ciki, hannun taga da ya fito, ko na'urar sanyaya ɗaki a sama, duk suna iya tilasta maka ɗaga sanda ko neman mariƙi mai dogon hannu. Labule na bukatar kamar santimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da duk abin da ya fi fitowa.

Gane irin bangon

Ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa. Amo mai nauyi, bango cikakke ne: kankare, tubali ko bulo. Amo kamar akwati, allon jifsam ne ko katako da rami a baya. Garin da dril zai fara fitarwa zai ƙara tabbatar maka: ja na tubali ne, toka-toka na siminti, fari mai laushi da ke manne wa baki na jifsam.

A bangon bulo ko tubali, robar sukuru ake sawa, wadda masu aiki ke kira fisha. Ƙa'idarta ɗaya ce: lambar fisha ita ce lambar bakin dril. Fisha mai milimita 6, baki mai 6, sukuru mai kauri 4 zuwa 4.5. Fisha mai 8, baki mai 8, sukuru mai 5 zuwa 6. Ga labule mai nauyi ɗauki mai 8, in dai ramin mariƙin zai karɓi sukurun. Sukuru da fishar da ke zuwa cikin ledar sanda yawanci gajeru ne, kuma a nan ake yawan faɗawa tarko. Filasta kaɗai takan ci milimita 12 zuwa 15, ba ta kuma riƙe komai. Fisha mai tsawon 25 rabinta a filasta take. Nemi mai tsawon 40 ko 50, da sukurun da ya kai tsawon fisha, da kaurin mariƙi, da ƙarin milimita 5, domin sai bakinsa ya fita ta ƙarshen fishar take buɗewa sosai.

Saman taga akwai linta, wato kankaren da ke ɗauke da ginin sama, kuma takan zarce gefen taga da santimita 15 ko fiye. Mariƙanka na iya faɗawa a kanta. Riƙonta ya fi na ko'ina, amma hudarta sai dril mai bugu, wato wanda bakinsa ke dukan bango yana juyawa, kuma akwai rodi a ciki. Bulo mai rami kuma ɓawonsa siriri ne, dril zai yi ta ci sai kwatsam ya zurma. Can fisha mai naɗewa ta ƙulle a bayan rami ta fi dacewa, irin wadda ake rubuta cewa ta kowane bango ce.

Allon jifsam kaurinsa yawanci milimita 12.5 ne, fishar bulo ba ta da abin kamawa a cikinsa. Mafi kyau sukuru ya shiga cikin ginshiƙin katako ko na ƙarfe da ke bayan allon. Ana jera su ne kowane santimita 40 ko 60, kuma maganaɗisu mai ƙarfi zai nuna maka kawunan sukurun da aka ɗaure allon da su. In ginshiƙi bai faɗo inda kake so ba, yi amfani da maɗauri mai fukafukai, wanda ke buɗewa a bayan allo ya rungume shi.

Bango mai laushi, kamar ginin ƙasa ko tsohuwar filasta mai marmashewa, kada ka wahalar da kanka da fisha huɗu. Ɗauki katako mai kauri santimita 2, faɗi 7, tsawon sanda, ka kafa shi da dogayen sukuru kowane santimita 30 zuwa 40, ka yi masa fenti kalar bango, sannan ka ɗaura mariƙan a jikinsa. Nauyi ya rabu wuri shida maimakon biyu.

Sai batun wayar wuta. Daga soket da makunni waya kan tafi ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, a cikin bango. Kada ka huda a kan layin da ya miƙe daga soket, makunni, fitilar bango ko na'urar sanyaya ɗaki. Idan kana da na'urar gano waya da ƙarfe, goga ta a wurin. Idan alamarka ta faɗo a wurin da kake shakka, matsar da ita santimita 10, ya fi sauƙi a kan fasa bango don gyaran waya.

Hudawa

Tanadi tef ɗin awo, fensir, lebur, dril da bakinsa na siminti, guduma, sukurudireba, ƙusa ɗaya, salatif na takarda, zare, tabarau na kare ido, da tsani mai ƙafa huɗu. Bakin siminti ana gane shi da ɗan faffaɗan kai mai tauri a tsininsa. Na katako ko na ƙarfe dakushewa zai yi a rami ɗaya. Kujera a kan tebur ba tsani ba ce, ana danna dril da ƙarfi kuma hannu biyu a sama. Ka samu mutum na biyu, ko don riƙe sanda.

Fara da gefe ɗaya. Yi alamar tsayin saman sanda a bango, da alamar nisa daga taga. Ɗora sanda a cikin mariƙin, ka manna shi a bango yadda saman sandar zai yi daidai da alamar, sannan ka zura fensir ta ramin sama ka yi ɗigo. Mutane da yawa a kan alamar tsayin sanda suke huda ramin sukuru kai tsaye, alhali ramin ba a tsayi ɗaya yake da mazaunin sanda ba, sai labule ya sauka ko ya hau da santimita 2 ko 3.

Ɗora tsinin ƙusa a kan ɗigon, ka buga sau ɗaya ko biyu ya yi ɗan gurbi, don kada bakin dril ya yi yawo a kan fenti. Gwada fisha a jikin bakin dril, ka ƙara santimita 1, ka naɗa salatif a wurin, nan ne iyakar zurfi. Manna ambulan a buɗe a ƙarƙashin alamar ta tare gari.

Riƙe dril a miƙe, kada ya kalli sama ko ƙasa ko gefe. Fara a hankali ba tare da bugu ba har ka ratsa filasta, domin bugu tun daga farko yana ɓantare bakin ramin. Idan ka isa kankare ko tubali mai tauri, kunna bugu. A bulo mai rami ko mai laushi bar shi a kashe, bugu yana farfasa ɓawon daga ciki ramin ya yi faɗi. Kowane daƙiƙa kaɗan ka ɗan janyo bakin yana juyawa ya fitar da gari. Kada ka jujjuya dril don ramin ya saki, abin da ke sa rami mai 6 ya koma 7 ke nan.

Idan dril ya tsaya cik, sautinsa ya canza, ko ka ga ɗan ƙyallin ƙarfe a bakin, dakata. Rodi ne ko bututun waya. Kada ka tilasta. Matsa sama ko ƙasa da santimita 2 zuwa 3, in ya so ka gyara ɗaya gefen ya bi shi, ko ka matsa gefe idan tsayin ba zai taɓu ba.

A kan tayil, manna salatif ka yi alama a kansa, ka yi amfani da bakin tayil, babu bugu ko kaɗan, a hankali, kana ɗan jiƙa bakin da ruwa. Bayan ka ratsa tayil sai ka canza zuwa bakin siminti. Tura fishar ta wuce kaurin tayil ɗin, don idan ta buɗe kada ta tsaga shi.

Fitar da garin da ya rage cikin rami, da injin shara ko da ɗan bututu ka hura, idonka a rufe. Fisha a cikin gari zamewa take yi. Tura ta da yatsa, ta shiga rabi, guduma ta ƙarasa da bugu mara ƙarfi har ta yi daidai da fuskar bango. In ta shige gaba ɗaya da yatsa, ramin ya yi faɗi. In ta lanƙwashe a baki, ramin bai kai zurfi ba ko akwai gari.

Ɗaura mariƙai

Ɗaura mariƙin farko da sukurun sama kaɗai, kada ka tamke. Daidaita shi ya tsaya a miƙe, ka yi alamar ramin ƙasa, ka juya mariƙin gefe, ka huda, ka sa fisha, ka ɗaure duka biyun. Huda rami ɗaya bayan ɗaya ya fi huda duka a lokaci guda, domin ko yaya baki ya ɗan goce, rami na biyu zai bi inda na farko ya faɗa. Ƙarshen tamkewa da hannu za ka yi. Dril yana wuce gona da iri, ya cinye cikin fishar, sukuru ya riƙa juyawa a banza. Da ka ji ya cije, mariƙin kuma ba ya motsi, tsaya.

Mariƙi na biyu daga na farko ake ɗaukar tsayinsa. Idan sandar gajera ce mai kauri, ɗora ƙarshenta a mariƙin da ka kafa, mataimakinka ya riƙe ɗaya mariƙin da sandar a ciki, ka ɗora lebur a kanta, a ɗaga ko a sauke har kumfar ta tsaya tsakiyar layi biyu, ka yi alama. Idan doguwa ce, kada ka amince da lebur a kanta, domin tsakiyarta na lotsawa. Yi amfani da dogon miƙaƙƙen katako, ko siririn tiyo mai haske da ruwa a ciki: ruwan da ke bakin nan da na bakin can kullum tsayinsu ɗaya, muddin babu kumfar iska a tiyon. Kafin ka huda, sauko daga tsani, ka ja baya zuwa ƙarshen ɗaki ka kalli alamun biyu.

Sanda mai milimita 16 ko 19 tana son mariƙin tsakiya da zarar ta wuce santimita 120 zuwa 150. Mai 28 takan kai 180 kafin ta buƙata. Duk sandar da ke da mahaɗa kuwa dole ne, komai kaurinta. Don samun tsayinsa, ɗaura zare daga mazaunin mariƙin hagu zuwa na dama, ka ja shi ya yi tauri, ka daidaita mazaunin na tsakiya da zaren. Ka tabbata ya faɗo daidai tsakiyar taga, domin zobba ba sa tsallake shi, nan fale biyu za su haɗu. Wanda yake son labule fale ɗaya da zai ja daga gefe zuwa gefe, ko dai ya sayi sanda mai kauri da ba ta buƙatar tallafi, ko ya nemi zobba masu buɗaɗɗen baya da mariƙin da aka yi dominsu.

In sai an rage sanda, naɗa salatif a wurin yanka ya zama jagora, ka yanka da zarton ƙarfe, ka goge bakin. Sanda mai gida biyu a rage daidai daga kowanne, don mahaɗa ta ci gaba da zama a tsakiya.

Rataya

Gwada aikin kafin labule ya hau. Kama kowane mariƙi ka ja ƙasa da matsakaicin ƙarfi. Motsi ko kaɗan, ko gari ya zubo, a gyara yanzu.

Goge labulen tukuna. Mai ido ana zura shi ne a lanƙwashe, ciki da waje, a fara yadda gefen yadin zai juya ya kalli bango. Adadin idanun cika ne ba mara ba, saboda haka in ka fara daidai ɗaya gefen ma bango zai kalla. In ka ga gefen yana kallon ɗaki, ka fara a juye. Ga mai ƙugiya, zobe ɗaya kowane santimita 10 na sanda, a raba daidai gida biyu.

Ratar nan ta santimita 5 da aka bari: zobe ɗaya, ko ido ɗaya na ƙarshe, ya zauna a cikinta, tsakanin mariƙi da kan kwalliya. Shi ke riƙe gefen labule idan an ja shi zuwa tsakiya, in ba haka ba duk falen zai biyo hannu ya bar gefen taga a buɗe. Ɗora sanda, daidaita ta yadda abin da ya fito dama da hagu zai zama ɗaya, ka ɗaure ƙananan sukurun da ke ƙarƙashin mazaunin mariƙi. Su ake yawan mantawa, kuma su ke hana sanda tsalle idan an fizgi labule. Sa kawunan kwalliya a ƙarshe. Idan akwai igiyar ɗaure labule ko ta ja, kuma akwai ƙananan yara a gidan, kafa mata ƙugiya a sama inda hannunsu ba zai kai ba, kada a bar ta tana lilo da madauki.

Idan wani abu ya ƙi

Fisha tana juyawa tare da sukuru: ramin ya yi faɗi. Cire ta, ka buɗa ramin zuwa lamba ta gaba, daga 6 zuwa 8 ko daga 8 zuwa 10, ka sa fisha da sukurun da suka dace. Tura tsinken ashana a gefe dabara ce ta hoton bango, ba ta labulen da ake ja kullum ba. Idan bakin ramin ya farfashe sosai, share shi, ka ɗan jiƙa, ka cike da siminti ko abin cike rami mai tauri, ka bar shi ya bushe sarai kamar yadda aka rubuta a jikin kwalinsa, sannan ka sake hudawa. In kana sauri, matsar da mariƙin aƙalla santimita 5 gefe, ka matsar da ɗayan ma haka don su yi daidai.

Gefe ɗaya ya fi ɗaya da milimita 3 ko 4: duba ko ramukan mariƙin dogaye ne, da yawa ana yin su haka don a sassauta a ɗan ɗaga. Sabon rami dab da tsoho ba ya yiwuwa, baki zai zame ya koma cikin tsohon, sai an cike shi ya bushe.

Mariƙi ya sunkuya alhali sukuru a tamke: ko dai bangon ba lebur ba ne a wurin, sai a sa ɗan wosha, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, ko siririn ƙarfe a bayan gindinsa, ko kuma hannun mariƙin ne ya yi wa nauyin laushi, sai a canza shi. Zobba suna cijewa: goge sandar da tsumma, ka shafa mata ɗan kakin kyandir ko feshin silikon a samanta, ban da man girki ko na inji, domin suna kama ƙura su ɓata yadi. Idan a mahaɗa suke tsayawa, naɗa siririn salatif mai santsi a bakin mahaɗar ya zama gangara.

Bayan mako ɗaya ko biyu da rataya, hau tsani ka sake gwada sukurun sama na kowane mariƙi da sukurudireba. Fisha takan ɗan zauna bayan ta ɗauki nauyi, kuma kwata ɗin juyi yakan isa. Wanda ka tarar yana juyawa ba ya cijewa, sauke labulen a ranar ka canza masa fisha mai girma.